Me ke fasa tayar tirela tsakanin Gaundare da Kuseri? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya bi hanyar Gaundare zuwa Garwa, ya wuce Marwa ya nufi Kuseri a arewacin Kamaru, ya ga ɓawon tayoyi zube a gefen kwalta, baƙi ƙirin, wayoyi sun yi cirko-cirko. Layin dogo a Gaundare ya tsaya tun 1974, don haka kaya da yawa da ke fitowa daga tashar ruwan Duwala zuwa Njamena a kan taya suke ƙarasa tafiyarsu. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake yawan ji a rumfar masu faci, daga bakin direbobi, yaran mota da masu motocin kansu.

Ba zafin kwalta ne ke fasa taya ba?

Zafi ne, amma ba na kwalta kaɗai ba. A watan Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Kuseri kan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Sai dai tayar da ke da cikakkiyar iska, ga lodi daidai ƙarfinta, an yi ta ne don ta jure wannan. Zafin da ke kashe taya daga cikinta yake tasowa. Kowane juyi, gefen taya yana lanƙwashewa idan ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya tashi. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙarwa, ka taɓa wurin: za ka ji ya yi zafi, in ka ci gaba ta karye. Haka wayoyin cikin taya suke. Idan iska ta yi ƙasa, lanƙwasar ta ƙaru, zafin ya ƙaru, har roba ta fara rabuwa da waya. Ranar da ka ji "dam!" a Figil, wataƙila tun makonni biyu da suka wuce aka fara kashe tayar. Rana dai ƙarasa ta ta yi.

To iska nawa ya kamata a sa? Mu da guduma muke gwadawa.

Na san wannan gwajin. Yaron mota ya zagaya da ƙarfe yana buga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Maigida, ƙalau suke!" Guduma tana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma ba ta bambance bar 9 da bar 7 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), kuma a wannan ratar ake yin asara. Geji, wato abin auna iskar taya, shi ne amsa.

Yawan iskar ya danganta da girman tayar da nauyin da za ta ɗauka, kuma a rubuce yake a jikinta. Babbar tayar nan guda ɗaya da ake sa wa tirela, mai lamba 385/65 R22.5, bar 9 take so idan an yi cikakken lodi. A auna da sassafe, kafin mota ta motsa, tayar na da sanyi. Kada a manta da murfin bawul: ƙurar hunturu tana shiga ta hana shi rufewa sosai, iska ta riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan.

Idan rana ta take, na auna na ga iska ta hau, ba sai in rage ba?

A'a. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, kuma masu yin sa da kyakkyawar niyya suke yi. Iska tana hawa idan taya ta ɗauki zafi, bar ɗaya ko fiye, kuma masu ƙera ta sun san da haka. In ka rage, lanƙwasa ta ƙaru, zafi ya ƙaru, geji ya sake hawa, ka sake ragewa. Da daddare ta huce, sai ka wayi gari da taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin tan ashirin da wani abu. In zafin ya dame ka, nemi inuwa ka tsaya, ka sha shayi, ka bar ta ta huce da kanta.

Me ya sa tayoyin tirela suka fi na kan mota fashewa?

Saboda marayu ne. Tayar gaba in ta yi laushi, sitiyari zai gaya maka nan take. Ta tirela tana can baya, mita goma sha wani abu daga kujerarka, za ta iya tafiyar kilomita hamsin a sace ba ka sani ba. Ga al'adar da muka saba: sabuwar taya a gaba, in ta ci rabi a mayar da ita tsakiya, in ta tsufa a tura ta tirela, wai ai ja kawai ake yi. Alhali kuwa mafi yawan nauyin a kanta yake.

Akwai kuma wahalar da ita kaɗai ke sha. Tirela mai aksil uku, wato layi uku na tayoyi, idan tana kwana mai tsanani, kamar wajen shiga sito ko juyawa a tasha, tayoyin aksil na farko da na ƙarshe ba birgima suke yi ba, gurzar ƙasa suke ta gefe. Kuma ramin da kan mota ya kauce masa, sau da yawa bayan tirelar ne ke faɗawa ciki, ko ya hau bakin kwalta inda ya zaizaye ya yi kaifi. Wanda ya san yadda hanyar Mora zuwa Dabanga ta sha fama da ramuka ya gane abin da nake nufi.

Masu tayoyi bibbiyu a jere suna da nasu ciwon. Ta ciki ba a ganin ta, hannu ba ya kai wa bawul ɗinta da sauƙi, sai a ƙyale ta. In ta yi laushi, ta waje ta ɗauki kayan mutum biyu. Haka nan in aka haɗa sabuwa da wadda ta cinye: mai tsawon ce ke ɗaukar nauyin, gajeriyar tana gurza. Bambancin tsawonsu kada ya wuce kamar milimita 6. Sannan a leƙa tsakaninsu duk tsayawa, domin dutse kan maƙale ya yi ta cin gefen duka biyun.

Lodi fa? Ai tayar waya ce, tana ɗauka.

Tana ɗauka, har ranar da za ta daina. Dubi lambar da ke bayan girman tayar. Idan ka ga 160, ma'anarta kilo 4,500 ne iyakar abin da za ta ɗauka. Tirela mai aksil uku da irin wannan taya shida, lissafi ya ba da tan 27. Dokar kare hanyoyi ta Kamaru ta 1996 ta ƙayyade tan 13 ga aksil ɗaya, 21 ga biyu a haɗe, 27 ga uku, mota gaba ɗaya kuma tan 50. Ka ga ke nan inda ma'aunin gwamnati ya tsaya, nan ma ƙarfin tayar ya tsaya. Mai kaya zai ce, "Direba, buhu talatin ɗin nan na albasa kawai, ka taimaka." Ko da an san yadda za a yi a wuce sikeli, taya ba ta karɓar na goro.

Yadda aka jera kayan ma abin dubawa ne. Siminti ko shinkafa in suka taru gefe guda, tayoyin wannan gefen sun wuce ƙarfinsu ko da jimillar lodin daidai take. Harafin da ke bin lambar kuma na gudu ne: J kilomita 100 a awa, K 110, L 120. Iyaka ce, ba umarni ba. Da lodi a tsakar rana, saba'in ta fi wa taya alheri.

Me ya sa ake yawan samun matsala bayan an sauko gangaren da ke tsakanin Gaundare da Mbe?

Birki. Gaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, ana saukowa ne zuwa kwarin Binuwai inda Garwa take. Direban da ya sauko da ƙafarsa a kan birki, gangunan birkin za su yi zafi kamar maƙera, zafin ya bi ta wili ya kai bakin taya, inda take kama ƙarfe. Robar wurin ta gasu ta taurare. Maganin tun daga sama yake: a sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mota. In an sauka a tsaya a zagaya, a kai bayan hannu kusa da kowane wili ba tare da an taɓa ba. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko birkinsa ne ke kamawa ko boris ya fara ci. In ana jin ƙaurin roba ko hayaƙi na tashi, kowa ya ja da baya. Taya mai irin wannan zafin kan fashe ko bayan mota ta tsaya.

Tayar hannu ta Turai ba ta fi sabuwa mai araha ba?

Wani lokaci ta fi, ba zan musa ba. Matsalar ita ce ba ka san tarihinta ba. Zanen samanta na iya zama da kyau alhali ta tsufa, don roba tana bushewa ko ba a mora ta ba. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2317 na nufin mako na 23 a shekarar 2017. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani duk shekara in ta kai shekara biyar tana aiki, a sauke ta in ta cika goma. A Ingila tun Fabrairun 2021 an haramta tayar da ta wuce shekara goma a gaban manyan motoci. Ƙasar sanyi ke nan, balle mu.

Kafin ka biya, sa a mirgino ta rana. Duba cikinta da tocila, ka bi da tafin hannu. Tsohon faci a gefe, ƙananan tsage-tsage kamar kaushin ƙafa, kumburi ko da ƙanƙane, ko baƙin garin roba a ciki, kowanne ya isa ka bar wa mai ita kayansa.

Kowace huda ake yi wa faci?

Hudar ƙusa a saman taya, inda take taka ƙasa, tana gyaruwa, in an cire tayar an toshe ramin an liƙe ta ciki. In aka liƙe kawai ba a toshe ba, ruwan damina zai shiga ya sa wayoyi tsatsa. Yanka a gefe kuwa ba aikin bakin hanya ba ne.

Abu biyu da suka shafi rai. Tayar da aka yi tafiya da ita a sace, wayoyin gefenta sun riga sun gaji, tana iya tsagewa ana cikin ba ta iska, don haka kada kowa ya tsaya daidai gefenta ko ya zauna a kanta. Wili mai zobe ma haka, zoben kan yi tsalle da ƙarfin da zai kashe mutum. Na biyu, kada a taɓa yin walda a jikin wili taya na ɗaure, ko da an sace iskar. In an canza taya kuma, a sake ɗaure notina bayan kilomita 50 zuwa 100.

Ni ƙaramar tirela gare ni, ta jan auduga da tarakta. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, ta wata fuskar. Taka ba cinyewa take ba, zama ke kashe ta: wata takwas a rana, iska ta zurare, sai kaka ta zo a ɗora mata kaya. Ɗaga ta a kan katako, rufe tayoyin da buhu, ka auna iska kafin fitar farko.

In ta riga ta fashe ina cikin gudu, me zan yi?

Ƙafa za ta so zuwa birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka saki totur farat ɗaya, ka bar mota ta miƙe tukuna, sannan ka sassauta a hankali, ka kunna fitilun haɗari. Birki mai ƙarfi shi ke sa tirela ta naɗo ta bugi kan mota. Nemi wuri mai tauri ka sauka daga kwalta, kafaɗar hanya mai yashi tana kayar da mota mai lodi. Ka sa alamar kusurwa uku nesa, gaba da baya. Ganyen da yaran mota ke karyowa su jera a hanya yana taimakawa da rana, da dare ba mai ganin sa, kuma in za a tashi a kwashe shi.

Kafin ka ɗaura sifiya, duba abin da ɓawon ya daka a hanyarsa ta fita: tiyon iskar birki, wayar fitila, da tayar da ke maƙwabtaka da ita. In bibbiyu ne, wadda ta rage ta ɗauki nauyin biyu tsawon tafiyar da ka yi kafin ka tsaya, sai a sa mata alama da alli, a sauke ta a duba cikinta a garin farko da aka isa.