Mene ne MAT a tsarin makarantun Ingila?

MAT gajarta ce ta multi-academy trust, wato ƙungiyar amintattu guda ɗaya da ke riƙe da makarantun akademi da yawa. Akademi makarantar gwamnati ce, ba a biyan kuɗin karatu, sai dai ta fita daga hannun ƙaramar hukuma, kuɗinta na zuwa kai tsaye daga Ma'aikatar Ilimi. Gwamnatin Tony Blair ce ta buɗe na farko a 2002 don ceto makarantun da suka durƙushe, sannan dokar 2010, lokacin Michael Gove yana sakataren ilimi, ta ba makarantu masu ƙoƙari ma damar shiga. Yau mafi yawan sakandaren gwamnati a Ingila akademi ne. Scotland da Wales ba su bi wannan tsari ba.

A idon doka, MAT kamfanin agaji ne da ba ya neman riba. A can sama akwai 'yan mambobi kaɗan, waɗanda aikinsu ya yi kama da na masu hannun jari: su ne ke naɗa amintattu, su kuma sauke su. Amintattun ne ke da wuƙa da nama. Su ke amsa tambaya kan kuɗi da sakamakon jarrabawa, su ke ɗaukar babban shugaba, wanda shi ne zai yi wa gwamnati bayanin kowane fam da aka kashe.

Inda gizo ke saƙar shi ne a ƙasa. Makarantar da ta shiga MAT ta daina cin gashin kanta. Ma'aikatanta na ƙungiyar ne, kuma cibiyar ƙungiyar na cire wani kaso daga kasafinta. Kwamitin makarantar, inda iyaye ke da wakilai, ba shi da iko sai wanda amintattu suka rubuta masa a takarda, kuma suna iya janyewa. Makaranta ba ta iya ficewa don raɗin kanta, sai Ma'aikatar Ilimi ta mayar da ita wani hannun.

Idan shugabanci ya yi kyau, ana ganin amfanin. Harris Federation, mai makarantu sama da 50 a Landan da kewaye, ta yi suna wajen farfaɗo da makarantun unguwannin talakawa, ko da yake albashin shugabanta Dan Moynihan, wanda ya haura fam 400,000 a shekara, ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce. Wata MAT ɗin kuwa, Star Academies, daga makarantar 'yan mata Musulmi ta Tauheedul a Blackburn ta samo asali.

Idan shugabancin ya lalace kuma, ɓarnar takan yi faɗi. A Satumban 2017, kwanaki kaɗan da komawa karatu, Wakefield City Academies Trust ta sanar da cewa ta kasa, za ta saki makarantunta 21. Iyayen yaran ba su zaɓi amintattun ba, ba su kuma da ƙuri'ar da za su kore su da ita.