Binciken Asalin Zuri'a ta Takardun Filaye da Wasiƙun Gado a Ƙasar Hausa

Binciken asalin zuri'a shi ne bin sawun iyaye da kakanni don a san sunayensu, da garuruwan da suka zauna, da yadda dangantaka ta rassa a tsakaninsu. Malamai kan ce masa ilimin nasaba, a bakin jama'a kuwa salsala ce ko tushe. A ƙasar Hausa an fi riƙe wannan sani da ka: tsofaffi, maroƙa, kirarin gida, tsagar fuska da wasan taubasantaka. Sai dai ƙwaƙwalwa kan tsaya a kaka na uku ko na huɗu, daga nan sai a ce "daga Gabas muka zo". Takardun gonaki da na gidaje, da wasiƙun da aka gada a cikin adaka ko gafaka, su ne ke iya kai mai bincike gaba da nan. Kusan babu ɗaya daga cikinsu da aka rubuta don ajiye nasaba. An rubuta su ne don haraji, ko shari'a, ko ciniki, ko gaisuwa, nasabar kuma tsintarta ake yi a gefe.

Matsalar suna

Abin da ke fara ɗaure wa mai bincike kai shi ne Bahaushe ba shi da sunan dangi guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Mutum na amsa sunansa da na mahaifinsa, jikansa kuma ba lallai ya ɗauki ko ɗaya ba. A ƙauye guda za a iya samun Audu ɗan Garba har uku a zamani ɗaya. Ga kuma sunan yanka da ke ɓuya a bayan sunan rana ko laƙabi, ga alkunya da ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, da hana jikoki sanin ainihin sunan kakan da aka yi musu takwara da shi. Makarantar boko ta ƙara nata, inda aka riƙa liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, kamar yadda ake gani a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shi ya sa gona ta fi suna amfani. Suna na maimaituwa, gona kuwa tana nan inda take, da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa.

Takardun filaye

Kafin zuwan Turawa ba a cika rubuta mallakar gona ba. Ƙasa tana hannun sarki, dagaci ko mai unguwa ke yanka wa baƙo saura, shaidu su ne maƙwabta, iyaka kuma gamba ce ko aduruku ko wata tsohuwar kuka. Gona na sauya hannu ta gado, saye, kyauta, aro ko jingina, akasari da baki. Ana biyan kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da zakka, amma jerin sunayen masu biya daga wancan zamani da wuya a same shi.

Rubutu ya yawaita bayan 1903, shekarar da Ingila ta ci Kano da Sakkwato. Dokar ƙasa ta 1910, wadda ta biyo bayan wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908, ta sa dukan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Abin da Turawa suka fi damuwa da shi shi ne haraji, kuma harajin ne ya haifar da takardu. A Kano, tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an fito da tsarin taki: malaman taki su auna gona da ƙafa, su rubuta sunan mai ita da abin da zai biya. Daga baya En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ta kafa ofishin safiyo wanda ya zana taswirar gonaki ɗaya bayan ɗaya a gundumomin da ke kewaye da birni, kowace da lamba da sunan mai nomanta. Wanda ya dace kakansa na cikin waɗannan gundumomi, ya samu abin da yawancin mutanen Arewa ba su da shi. A sauran wurare abin da ake samu shi ne rahoton kimanta haraji da Di'o, wato jami'in mulki Bature, ya rubuta, da littafin gunduma mai ɗauke da tarihin ƙauyuka da jerin dagatai. Waɗannan sun fi amfanar gidajen sarauta. Talaka sau da yawa adadi ne kawai a cikinsu.

Littattafan kotun alƙali da na majalisar sarki sun fi kowace takarda nama. Rigimar gado ba ta yankuwa sai an lissafa magada, saboda haka shari'a guda kan fito da sunan mamaci, matansa, 'ya'yansa maza da mata, wani lokaci har da 'yan'uwansa da wanda ke binsa bashi. Bayanan shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, sun tsira har yau, kuma akwai ƙararrakin gonaki da gidaje a ciki. Inda aka yi jayayya a kan hauzi, wato daɗewar gona a hannun mutum ba tare da an yi masa magana ba, shaidu kan faɗi wanda ya sare dajin da wanda ya gaje shi, su jero zuri'a uku a numfashi ɗaya.

Akwai giɓi biyu da ya kamata a sani. Na farko mata. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin. Rashin sunan mace a takardar gadon Kano ta waɗannan shekaru ba ya nufin mamacin bai bar 'ya mace ba. Na biyu bayi. Waɗanda suka noma gandayen sarakuna da rinjin attajirai ba su da gonar da za a rubuta da sunansu. Inda sukan bayyana shi ne rajistar 'yantattun bayi da kotunan alƙalai suka riƙa cikawa a farkon mulkin Turawa, mai nuna suna da ƙabila da yadda aka yi fansa. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya ba sai 1936. Wannan fanni ne da gidaje da yawa ba sa son a tona, kuma mai bincike na gaskiya kan yi karo da shi ko ta wajen bawa ko ta wajen ubangiji, balle ma ta wajen ƙwarƙwara.

Takardun baya-bayan nan sun fi sauƙin samu: rasit ɗin haraji, wanda aka daina bayarwa a jihohin Kano da Kaduna bayan gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a 1979, da takardar cinikin gida mai sa hannun mai unguwa, da takardar shaidar mallaka ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1962 da ta 1978. A takardar ciniki, sunayen shaidu da na maƙwabtan iyaka sun kai sunan mai saye daraja, don galibi 'yan'uwa ne da aka raba musu gandu ɗaya.

Wasiƙu

Daular Sakkwato da wasiƙa aka tafiyar da ita. Gidan Waziri, zuri'ar Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke kula da saƙonni tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe, kuma Turawa sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari a 1903. Fatake ma sun yi rubutu: Larabawan Gadamas da Tarabulus mazauna Kano, da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari masu fataucin goro zuwa Gwanja.

Tsohuwar wasiƙa tana da tsari sananne. Bisimilla da salati, sai "daga wane zuwa ga wane", sai gaisuwa, sai "bayan haka", a rufe da "haza wassalam". Ta sarki na ɗauke da hatimi. Da aka koma rubutawa da ajami da boko tsarin bai canja ba: "Takarda ta fito daga hannun wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci." Ga mai neman nasaba, saƙon da ke tsakiya, na kuɗi ko na aiken turmin atamfa, ba shi ne abin dubawa ba. Ƙarshen ne, inda marubuci ke cewa a gai da Inna, a gai da Baffa da iyalinsa, a gai da Yaya da mai sunan Malam, a yi wa gidan wane ta'aziyya. Wannan jeri hoton gida ne a ranar da aka rubuta shi, kuma yawanci daga babba ake farawa. In aka samu wasiƙu uku ko huɗu daga hannu ɗaya, sunan da ya ɓace daga gaisuwa ya nuna rasuwa ko fita, sabon suna kuma aure ko haihuwa.

Wasiƙa ce kuma ke haɗa reshen da ya yi nisa. Yaƙin basasar Salaga ta ƙasar Gwanja na 1892 ya watsa Hausawa zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara, duk a ƙasar Gana ta yau. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu. Alhazan ƙasa da yawa sun yi zamansu a hanya. Sojojin da aka kai ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu sun aiko da takardu gida, haka waɗanda korar baƙi ta 1969 ta dawo da su daga Gana sun zo da nasu a cikin kaya.

Gano shekarar takarda

Yawancin wasiƙun ƙarni na 19 ba su da kwanan wata. Ana kintata shekarunsu ta sunan sarkin da ke kan hatimi, ko wani abu da aka ambata kamar yaƙi ko yunwa. Takardar kanta shaida ce: in aka ɗaga ta a haske, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar da aka yi a arewacin Italiya aka kawo ta hamada.

Inda aka sa shekara, ta Hijira ce, wani lokaci kuma da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi. A nan ake yawan kuskure, don malaman ƙasar Hausa lissafin Magariba suke bi, ba na Gabas ba. A wajensu shinun 1000 ne, sinun 300, alhali a Gabas shinun 300 ne, sinun 60. Shinun da sinun da kaf da alif sun ba da 1321, shekarar da ta kama a ƙarshen Maris na 1903. Malamai da dama kuma kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon littafi ko gefen shafi, saboda haka kafin a raba littattafan mamaci yana da kyau a duba bangayensu.

Inda ake nema

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954, shi ne babbar ma'ajiya. An jera fayiloli lardi-lardi, da lambobi irin su KanoProf da SokProf da ZarProf, da SNP na sakatariyar Arewa. Dole mai nema ya san lardin da garinsu yake a wancan lokaci, ba jihar yau ba. Katsina, alal misali, ta zauna a ƙarƙashin lardin Kano, ta koma na Zariya, kafin ta zama lardin kanta a 1934. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. A Nijar, takardun mulkin Faransa suna ma'ajiyar ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, rubuce-rubucen Larabci da ajami kuma a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni.

Duk da haka mafi yawan abin da ya shafi talakawa yana cikin gidaje, inda gara da yoyon damina da gobara ke cinye shi. Wasu magada kan ɗauki duk rubutun Larabci a matsayin laya ko aya, su ƙi buɗewa, ko su binne shi don girmamawa, alhali takardar jinginar gona ce. Masu adana takardu na ba da shawarar a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, kada a manna mata salatif ko a rufe ta da leda mai zafi, a kuma bar ta cikin ƙunshin da aka same ta, don maƙwabtanta a ƙunshin kan taimaka wajen gane ta. Sannan a kai wa malamin da ya iya tsohon rubutun Magariba ya karanta a gaban dattawan gida, domin shi zai fitar da sunan, su kuma su ne za su ce ai wannan ita ce ake kira Goggon Fagge.