Wasan shago: amsar tambayoyin da iyaye suka ishe ni da su

Na daɗe ina koyar da 'yan nazire, kuma duk zango sai an samu uwar da ta leƙo aji ta ga yara sun baza gwangwanaye suna ciniki, ta haɗe rai. Bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta.

Malama, kuɗin makaranta fa muke biya, wasa zai zo yi?

Eh, wasa. Shekararsa 4.

To me yake koya a ciki?

Ɗanki yana rero ɗaya, biyu, uku har ashirin kamar waƙa kina ta murna. Ce masa ya ba ki dabino biyar ki gani, da yawansu damƙowa kawai za su yi. A shago kuwa dole ya taɓa kowanne yana ƙirgawa, in ya ba da huɗu mai saye zai kwarma ihu an cuce shi. Ga kuma baki: sallama, nawa ne, rage min, albarka. Akwai yarinyar da ta yi wata biyu ba ta ce min uffan ba, ranar da aka bar mata shagon sai na jiyo ta tana cewa "yau babu bashi".

Namiji ma?

Mai shagon layinku mace ce?

In ba shi kuɗin gaske ya yi wasan?

To, nan kam ya danganta. Ƙasa da shekara 3 a'a, komai baki yake kaiwa, ko marfin lemo ban yarda ba balle silalla. Ɗan shekara 4 zuwa 5 kuma takardu yake ƙirgawa ba daraja ba, a wajensa biyar-biyar guda uku sun fi hamsin ɗaya, kuma kar ki tsaya musu da shi, lokaci ne bai yi ba. Wajen shekara 6 ko 7 za ki iya gwada masa na leda, wato naira 5, 10, 20 da 50, tunda ba sa saurin yagewa, amma fa kina zaune a wurin, ki ƙirga kafin a fara ki ƙirga in an tashi. Duk da haka in gidan yawa ne ni ba zan ba ki shawara ba, ashirin ɗaya ta ɓace sai a fara nuna ɗan wani, ƙaramar magana ta zama babba. Sannan wani yaron in ya saba, jakarki zai buɗe ya ɗiba ya ce na shagonsa ne, shi a ransa ba sata ya yi ba, ke kuma ki hau shi da duka. In kin san ba za ki iya sa ido ba, ki yanka kwali ki rubuta lamba a kai, aikin ɗaya ne.

Sai na sayo masa kayan shago irin na roba?

A'a. Gwangwanin madara, kwalin ashana, yashi a kofi ya zama shinkafa. Na ma fi son haka, don yaron da ya riƙe marfi ya ce naira goma ce ya fara gane abu na iya tsayawa a madadin wani abu, kuma harafi da lamba haka suke aiki. Ki dai duba bakin gwangwanin kar ya yanke shi.

Ashe ke nan talla ma karatu ce?

Dan Allah kar ki fake da ni. A wasa yarinya in ta gaji tashi take yi. Wadda aka ɗora wa faranti aka tura tasha lokacin makaranta, aka ce kar ta dawo sai ya ƙare, wannan wani zance ne daban kuma kin sani.

Nawa yaron in na miƙa masa kuɗin kwalin sai ya ce in yi taransifa.

A wajenku ya gani ai. Ki ce masa babu sabis, ki ba shi hamsin ki tsaya jiran canjinki.