Albashin Shugaban Makarantar Makafi ta Jihar Texas

Makarantar Makafi da Masu Raunin Gani ta Texas makarantar gwamnati ce da ke birnin Austin, hedikwatar jihar Texas ta ƙasar Amurka. Majalisar dokokin jihar ce ta kafa ta a shekarar 1856, ta koma mazauninta na yanzu a 1917, kuma ta ɗauki sunan da take amsawa yau a 1989. Yadda ake yanke albashin shugabanta ya bambanta da na sauran makarantun jihar, kuma dalilin bambancin yana cikin tsarin mallakarta.

A Texas, makarantun gwamnati na yau da kullum suna ƙarƙashin gundumomin ilimi ne. Kowace gunduma tana da kwamitin da mazauna yankin suka zaɓa, tana karɓar harajin gidaje da filaye, kuma kwamitin ne ke zama da wanda zai shugabanci gundumar su daidaita kan albashi. Makarantar makafi ba ta da yankin da take karɓar haraji a ciki. Hukuma ce ta jiha, kuma mafi yawan kuɗinta daga kasafin jiha yake fitowa. Majalisar Texas kuwa sau ɗaya take zaman ƙa'ida a cikin shekara biyu, don haka kasafin da ta amince da shi na shekara biyu ne.

Kwamitin da ke gudanar da makarantar mutum tara ne, gwamna ke naɗa su da amincewar majalisar dattawan jiha. Uku makafi ne ko masu raunin gani, uku iyayen yara makafi ne, uku kuma waɗanda suka yi aiki da makafi. Wannan tsari abin yabo ne, domin masu ɗaukar shugaban aiki da auna ƙwazonsa mutane ne da lamarin ya shafa kai tsaye. Su ne dokar ilimi ta jihar ta ɗora wa alhakin tsayar da albashinsa kowace shekara.

Sai dai ba a sakar musu mara gaba ɗaya ba. Dokar ta gindaya iyaka: albashin shugaban kada ya wuce kashi 120 cikin 100 na albashin jami'in kula da koyarwa mafi yawan albashi a makarantar. Wato idan wancan jami'i yana karɓar dala 100, shugaban ba zai haura 120 ba. Albashin malamai da jami'an koyarwa shi ma ba makarantar ke ƙirƙiro shi ba, doka ta ce a daidaita shi da abin da gundumar ilimi ta Austin ke biyan masu irin wannan muƙami, a bisa lissafin kwanakin aiki. Abin ya zama sarƙa: gundumar Austin ta yanke nata, ma'aikatan makarantar makafi su bi sahu, na shugaban kuma ya rataya a kan na wanda ke ƙarƙashinsa.

Akwai hikima a ciki. Ɗaure albashin malamai da na Austin yana hana gundumar da suke zaune a cikinta kwashe su da tayin kuɗi, kuma malamin makafi ba a samunsa a sauƙaƙe. Iyakar kashi 120 tana hana tazara mai yawa tsakanin shugaba da mataimakansa, tana kuma rufe ƙofar a yi ta ƙari da dukiyar jama'a ba lissafi.

Inda matsalar take shi ne ma'aunin bai dubi girman aikin ba. Wanda ya ƙirga ɗaliban da ke harabar kaɗai zai ɗauka ƙaramar makaranta ce. Amma tun bayan dokar tarayya ta 1975 da ta tilasta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu buƙata ta musamman, yawancin yara makafi a Amurka a makarantun garuruwansu suke karatu. Wannan ya sauya aikin makarantar makafin da ke Austin. Ban da ɗaliban kwana, waɗanda wasunsu kan kai shekara 22 kuma ake kai su gida a ƙarshen mako, tana shirya gajerun kwasa-kwasai, tana horar da malamai, tana ba iyaye shawara a jihar da ke da ƙananan hukumomi 254. Cikin yaran akwai waɗanda ba sa gani kuma ba sa ji. Shugaban ne ke da alhakin lafiyarsu dare da rana, shi ne kuma ke zuwa gaban majalisa ya kare kasafi.

Doka ta kuma buƙaci ya kasance mai babban digiri, da horo da gogewa a ilimin masu raunin gani da kuma gudanar da irin wannan shiri. Masu wannan haɗin ba su da yawa, kuma makarantun wasu jihohi da masu zaman kansu, irin Perkins ta Massachusetts da aka kafa a 1829, duk irin waɗannan mutane suke nema. Tasirin wanda aka samu yakan wuce jiharsa. Phil Hatlen, wanda ya shugabanci makarantar daga 1990 zuwa 2007, shi ne ya fayyace faɗaɗɗen tsarin karatu na makafi, wanda ya haɗa rubutun Braille da koyon tafiya da sanda da dabarun zaman kai, kuma malamai a sassan Amurka suna aiki da shi har yau. William Daugherty ne ya gaje shi, sannan Emily Coleman ta karɓi ragamar a 2019.