Garin tsiro: yadda ake tsinka kunun yaro ba tare da ƙara ruwa ba

Uwa ta dama kunu ya yi kauri, ɗan wata bakwai ya kasa haɗiya, sai ta tsinka da ruwa. Nan kuskuren yake. Cikin yaro a wannan lokaci bai wuce ƙaramin kofi ba, wajen mililita 200. In rabi ruwa ne, zai ƙoshi amma nauyinsa ba zai motsa ba.

Akwai abin da ke tsinka kunu ya bar ƙarfinsa yadda yake: garin hatsin da ya tsira. Tauna lomar tuwo, ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji zaƙi-zaƙi. Aikin amilas ne, wani enzayim da ke cikin yawu. Enzayim furotin ne da mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta aikin da in babu shi zai ɗauki lokaci mai tsawo. Ba ya ƙarewa a aikin: amilas ya datse dogon zaren sitaci, abin da ke sa kunu kauri, zuwa guntayen sukari, ya saki, ya kama na gaba. Shi ya sa kaɗan ke isa. Kowanne kuma da aikinsa, amilas ba ya taɓa mai ko nama.

Ƙwayar hatsi ma tana yin amilas idan ta fara tsiro, don ta ciyar da kanta. Masu kunun zaƙi na Tudun Wada da Sabon Gari a Zariya sun san wannan tun tuni, ko da ba su san sunan ba.

Ga yadda ake yin garin tsiron. A tsince gero ko masara, a wanke, a jiƙa ya kwana, kamar awa 12. A tsane, a baza a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsabta a inuwa, a rufe da tsumma, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana 2 zuwa 3 tsiro ya fito. Da sanyin hunturun Zariya yakan ɗan ja lokaci. Sai a shanya a rana har ya yi ƙaras, a murje saiwa da tsiron, a bakace, a niƙa. Murjewar nan wajibi ce, musamman in dawa aka yi amfani da ita, domin tsiron dawa na ɗauke da gubar sayanaid. Da damina a sa ido: wanda ya yi funfuna ko wari a zubar, kar a ba kaji ma.

Wajen amfani ne aka fi ɓata aiki. A dama kunu da kauri sosai, a sauke, a bari ya ɗan huce, da zafinsa amma ba yana tafasa ba, wajen digiri 60 zuwa 70. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin a kofi guda, a juya. Cikin minti 5 zuwa 10 za a ga ya saki da kansa. In aka zuba yana tafasa, zafi ya lalata siffar enzayim ɗin kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a tukunya, ba kuma zai dawo ba. In ya yi sanyi ƙalau, aikin ya yi nawa.

Bayan ya tsinke a mayar da shi wuta ya tafasa kaɗan, saboda garin ɗanye ne, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ana iya ƙara garin gyaɗa ko waken suya da aka soya. Wannan kunun na yaron da ya cika wata 6 ne, kuma ana ci gaba da ba shi nono. Garin a adana shi a busasshen mazubi mai murfi, a yi kaɗan-kaɗan wanda zai ƙare cikin wata guda.