Horon ayyukan yau da kullum ga yara masu jinkirin girma: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan horo, kuma wane yaro ne ke buƙatarsa?

Horo ne da ƙwararren ma'aikacin lafiya ke ba yaro don ya iya abin da sa'o'insa ke yi da kansu: cin abinci da cokali, sa riga, wanka, rubutu, wasa. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka a 1917, ta duniya kuma a 1952. Yaran da aka fi kaiwa su ne masu otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), masu lalurar Daun (wadda ake haifar yaro da ita, take jinkirta girma da koyo), da waɗanda raunin ƙwaƙwalwa ya shafi motsin gaɓoɓinsu tun suna jarirai.

Ba gashin ƙashi ba ne ke nan?

A'a. Likitan gashin ƙashi ya fi kula da zama, tsayuwa da tafiya. Shi kuwa wannan, damuwarsa ita ce me yaron zai yi da hannunsa idan ya zauna.

Na ga wasa kawai suke yi da yaron. Ina maganin?

Wasan shi ne maganin. Zura dutsen ado a zare yana horar da babban yatsa da manuniya, su ne kuma za su riƙe fensir su ɓalle maɓalli. Wajen sa tufafi, akan fara daga ƙarshe: babba ya yi komai, ya bar wa yaro jan wandon zuwa ƙugu. Idan ya ƙware, a ƙara masa matakin da ke kafin wannan. Ta haka kullum shi ne ke kammala aikin, sai ya ji daɗi ya nemi ƙari. Yaron da ɓari ɗaya na jikinsa ya raunana kuwa, wani lokaci akan sa wa hannun mai lafiya safa na ɗan lokaci, domin a tilasta wa ɗayan yin aiki.

Yaro zai warke?

Lalura irin otizim ko Daun ba ta gushewa, amma iyawa tana ƙaruwa, musamman idan an fara da wuri. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa gaba ɗaya, ka yi hattara da shi.

Mene ne aikin iyaye?

Mafi girma, a ganina. Ganawa da ƙwararre ba ta wuce ɗan lokaci a mako, sauran kwanakin a gida suke. Ku zaɓi buri ɗaya tare da shi, misali shan ruwa da kofi, ku riƙa maimaitawa a lokacin cin abinci. Abin da ya fi wuya shi ne uwa ta janye hannunta ta bar yaro ya zubar, ya sake gwadawa.