Wai mece ce minda, kuma me ya sa wasu ke tara ta?

Kwanakin baya wani ƙanena a nan Jos ya turo min hoton wasu ƙarafa da ya tsinta a ƙasan adakar kakarsu a Gangare, naɗe cikin tsumma, yana tambaya wai ko ya kai wa 'yan gwangwan su auna. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da yake kira ƙarafan nan minda ce ta marigayi kakansa.

Minda ita ce lambar ƙarfe da ake maƙala wa soja a ƙirji da ɗan ƙyalle mai launi a samanta, kalmar daga bakin Turawa ta shigo ta hanyar bariki, yanzu a rediyo an fi cewa lambar yabo. Amma fa kar a haɗa ta da lambar girma ta ƙasa irin su GCFR da MON da shugaban ƙasa ke rabawa a Abuja, wannan daban.

To ita kanta mindar yaƙi iri biyu ce, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai ta halarta, wato duk wanda ya je fagen daga kaza ana ba shi, kamar Tauraron Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar ta yanzu) mai tsini shida da ƙyalle shuɗi da ja da ruwan lemo, wanda aka bai wa kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka gwabza da Japanawa a dajin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945. Sai kuma ta jarunta, ita kam zuwa kawai ba ya sa a ba ka, sai ka yi wani abu takamaimai a ƙarƙashin ruwan harsashi, manyanka sun rubuta sun shaida. A wajen Ingila mafi girma ita ce Victoria Cross da aka ƙirƙiro a 1856, sai irin su Military Medal ta 1916 da aka riƙa bai wa waɗanda ba hafsoshi ba har zuwa 1993. Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya fara soja ne a wajen Jamusawa a Kamaru, daga baya ya koma rundunar Najeriya kuma ya samu wannan Military Medal ɗin a yaƙi na biyu.

Masu tara minda kuwa a Turai sana'a ce guda da kasuwar gwanjonta, Lord Ashcroft na Ingila shi kaɗai ya tara Victoria Cross sama da 200. Abin da suke bi ba nauyin ƙarfen ba ne, mutumin suke nema. Mindar jarunta sau da yawa za ka ga an buga lambar soja da muƙami da suna a gefenta ko a bayanta, shi ya sa ake iya bin sawu har a gano abin da ya yi da inda ya yi, su kuwa taurarin halarta na yaƙi na biyu yawanci babu suna, to idan aka raba su da takardar sallama ko hoton mai su shi kenan an yanke igiyar, sun zama na kowa. Shi ya sa jeri cikakke na mutum ɗaya da takardunsa ya fi daraja nesa ba kusa ba, kuma jabu sun yi yawa.

Ni dai ra'ayina, gidan da ke da mindar ɗan mazan jiya kar ya sayar. Muna wuce barikin Kalapanzin a Kaduna ko Arakan a Legas ba mu san sunayen wurare ne a Bama ba, kuma tsofaffin da za su ba mu labarin kusan duk sun tafi, ranar 15 ga Janairu kawai ake tuna su.

Ƙanen nawa na ce masa kar ya goge su da toka ko yashi don yana cinye rubutun, kar ya cire tsohon ƙyallen ko da ya koɗe, ya ajiye su inda babu laima, sannan ya zauna da Kaka tun tana da ƙarfi ya naɗi muryarta a waya. Jiya ya kira ni wai ta ce akwai wata takarda a cikin gafakar Malam, wato marigayin, gobe zan je mu duba tare.